Yadda ake zuwa gyaran kwamfuta har gida da cire mata bairos a zangunan Accra

Gyaran kwamfuta a shago daban, gyaranta a gidan mai ita daban. A Tiptoe Lane ko wani lungu na Circle kayan aikinka suna gefenka, abin da ka rasa maƙwabcinka yana da shi, kwastoma zai ajiye ya tafi ya dawo gobe. A gida kuwa kai ne da abin da ka ɗauko a jaka, mai kwamfuta yana zaune yana kallon hannunka, yara sun kewaye ka, wuta na iya ɗaukewa ba sallama. Duk da haka aikin yana da kasuwa a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama, New Town da Madina. Akwai Alhajin da ba zai kinkimi kwamfutar tebur da firinta ya shiga trotro ba, akwai Hajiyar da lissafin shagonta yake cikin laftof kuma ba ta yarda ya kwana a hannun wani ba, ga makarantun Islamiyya da ƙananan ofisoshi.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Kwamfuta ana iya sayen wata gobe da safe, amma hotunan aure da na suna, takardun fili, lissafin bashi da aikin makarantar yaro ba a sayar da su a ko'ina. An jera matakan nan ne yadda za a ceci waɗannan tukuna, sannan a yaƙi bairos.

Tun a waya

Kada ka ce "ina zuwa" kafin ka yi tambaya. Laftof ce ko ta tebur? Wane kamfani? Tana kunnuwa ta shiga Windows, ko tana tsayawa a hanya? Yaushe abin ya fara, kuma me aka yi mata kafin nan: an sa wani filash, an sauke fim ko wasa, an kai ta wani wuri an ɗora mata manhaja? Ka roƙi a ɗauki hoton allon da waya a turo maka ta WhatsApp. Hoto ɗaya yakan gaya maka abin da mai kwamfutar zai yi minti goma bai iya bayyanawa ba.

Idan alamu sun nuna bairos ne, ka ba da umarni tun kafin ka iso: a cire ta daga intanet, kada a ƙara sa mata wani filash, kada a shiga banki ko imel da ita, kada a kira wata lamba da ta fito a allo, kada a bar wani ɗan unguwa ya yi mata fomatin, wato ya goge komai ya sake ɗora Windows.

Kuɗi ma a waya ake fara maganarsa. Ka raba shi uku mutum ya ji da kunnensa: kuɗin mota da dubawa, wanda za a biya ko an gyara ko ba a gyara ba, kuɗin aiki, wanda za ka faɗa bayan ka gani, da kuɗin kaya idan sai an sayi wani abu. Wanda ya ji kunyar faɗin wannan a waya, a tsakar gida kunyar za ta ninka, musamman idan mai gidan sa'an babansa ne.

Sai kwatance. GhanaPostGPS, tsarin adireshi na waya da aka ƙaddamar a 2017, yana taimakawa a unguwannin da ke da tituna a fili, amma a lungunan Nima gara a turo maka wurin ta WhatsApp, a haɗa da sunan masallaci ko mai waake da ke kusa, a kuma sa yaro ya tare ka a bakin titi. Ka tambaya ko akwai wuta kuma mita tana da kuɗi. Kada ka sa lokaci a tsakiyar ranar Juma'a, kuma idan Madina za ka daga Circle ka lissafa da cunkoson hanya.

Abin da ke cikin jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da daddare, inda kake da intanet mai kyau, ka shirya filash guda biyu. Na farko na ɗora Windows, wanda ka haɗa da Media Creation Tool na Microsoft, ba wani da aka ba ka a kasuwa wanda ba ka san abin da aka cusa masa ba. Na biyu na kayan aiki: Malwarebytes, AdwCleaner, Autoruns da Process Explorer na Sysinternals, CrystalDiskInfo, da LibreOffice. Kowanne ka sauke shi daga shafin masu shi, kuma ka sabunta su duk mako, domin maganin bairos na wata uku da suka wuce bai san bairos ɗin yau ba. Idan ka samu filash mai ɗan makunni na hana rubutu a jikinsa, ka saye shi ko da ya fi tsada, don kwamfuta mai cuta ba za ta iya shafa masa ba.

Ka riƙe rumbun ajiya na waje, babba kuma wanda babu komai a cikinsa, da igiyar da ke haɗa rumbun laftof da USB don ranar da kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Sai ƙananan sukudireba, burushi mai laushi, abin hura iska, man da ake shafa wa kan furosesa, maus da kibod na USB, da istenshan mai kariya daga hawa da saukar wuta. Soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Ingila, laftof da yawa kuma da cajar Amurka ko ta Turai suke zuwa, don haka adafta ma ta shiga jaka. Ka sa data a wayarka don hotsifot. Da damina ka naɗe komai a leda.

Shiga gida

Ka yi sallama ka jira a amsa. Gidajen zango da yawa na haya ne masu ɗakuna barkatai, ka gaishe da waɗanda ka tarar a tsakar gida, ka cire takalmi inda ake cirewa. Idan mai gida ba ya nan matarsa ce kawai, ka nemi a fito da kwamfutar falo ko baranda, ƙofa a buɗe, wani yaro ko ɗan'uwa yana wurin. Wannan kariya ce gare ta da kai.

Kalmar sirri kada ka karɓa. Ka juya kwamfutar ka ce, "Baba, ku shigar da kanku." Idan za ka buɗe folda ka faɗa tukuna. Hotunan iyali ba abin kallonka ba ne, ko da sun buɗe da kansu ka kawar da ido. Bayan amana akwai doka: Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, kuma dokar tsaron intanet ta 2020 ta sa yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Mai gyara guda da ya kwafi abin da ba nasa ba ya isa ya ɓata wa masu sana'ar unguwa duka suna.

Kafin ka danna komai ka duba jikin kwamfutar tare da mai ita. Allon da ya tsage, maɓallin da ya fita, hinjin da ya karye, ka nuna masa ka ɗauki hoto. Daga nan ka ce ya nuna maka matsalar da hannunsa.

Rumbu tukuna, sannan kwafi

Kashe Wi-Fi ko zare igiyar intanet. Buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar rumbu. Idan ya nuna shuɗi da kalmar Good, rumbun yana da lafiya. Idan ruwan ɗorawa ne da Caution, ko ja da Bad, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, ka dakata da maganar bairos. Binciken bairos yana karanta kowane fayil, kuma rumbun da ke gargarar mutuwa zai iya ƙarasawa a tsakiyar binciken. A irin wannan hali kwafi kawai za ka yi, ka fara da abin da ya fi muhimmanci.

Na biyu, duba ko rumbun a kulle yake da BitLocker, makullin da Windows ke rufe bayanan rumbu da shi. Buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta:

manage-bde -status

Idan kullen yana aiki, ka nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 kafin ka ci gaba. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, a shafin account.microsoft.com/devices/recoverykey. Ka sa ya rubuta a takarda ya ajiye. Sabbin laftof da yawa suna zuwa da kullen a kunne mai su bai sani ba, kuma taɓa BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi kafin Windows ya tashi, ko tayar da kwamfutar daga filash na iya sa ta nemi lambar. Wanda ba shi da ita ya rasa fayilolinsa, babu gwanin da zai buɗe masa.

Yanzu kwafi. Ka ce, "Hajiya, don Allah ki matso ki nuna mini abin da ba ki son ya ɓata." Desktop, Documents, Pictures, Videos, Downloads, da duk wani ɓangaren rumbu kamar D. Ka tambayi inda manhajar lissafi ke ajiye bayananta, domin sau da yawa ba a Documents take ajiyewa ba. Takardu da hotuna da bidiyo za ka kwafa. Fayilolin da suka ƙare da exe, vbs, js, bat, scr ko lnk ka bar su, nan cutar take ɓuya. Don ka ga waɗannan ƙarshen sunaye, ka kunna File name extensions da Hidden items a File Explorer. Fayil mai suna rasit.pdf.exe ba takarda ba ce.

Idan an gama, ka buɗe fayil biyar ko shida daga cikin kwafin a gabanta, ta gani da idonta suna buɗewa. Kwafi yakan ɗauki lokaci, ka daidaita shi da lokacin salla ko ka yi amfani da lokacin wajen tambayar su wa ke amfani da kwamfutar.

Farautar bairos ɗin

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Jera ayyukan bisa yawan CPU da suke ci. Abin da ke cin kashi mai yawa alhali ba a buɗe komai ba, fanka tana ta kuka, sau da yawa manhajar haƙar kuɗin kirifto ce da wani ya ɓoye. Danna dama a kansa ka zaɓi Open file location. Manhajar kirki tana zaune a Program Files ko cikin Windows. Wadda ke zaune a AppData, Temp ko ProgramData da suna marar ma'ana abin zargi ce. Idan Task Manager ya ƙi buɗewa ko yana rufe kansa, wannan ma shaida ce.

Shiga Safe Mode: riƙe Shift ka danna Restart, sai Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan lamba 4. A nan Windows yana tashi da abin da ya zama dole kawai, yawancin bairos ba sa samun damar tashi su kare kansu. Je ka jerin manhajojin da aka ɗora ka jera su bisa kwanan wata. Duk abin da ya shigo a ranar da matsalar ta fara ka tambayi mai kwamfutar. Masu "ƙara gudu", masu "sabunta direba", masu sauke bidiyo da ba a san asalinsu ba, ka cire. Idan ka ga AnyDesk ko TeamViewer kuma ba wanda ya san dalilinsu, ka tambaya ko wani ya taɓa kira ya ce zai taimaka daga nesa. Manhajojin halal ne, amma 'yan damfara da su suke shiga.

Sai Autoruns, wanda a ganina shi ne kayan aikin da ya fi kowanne amfani a jakar, kuma shi ne matasa suka fi tsallakewa. Yana nuna duk abin da ke tashi da kansa idan an kunna kwamfuta. Buɗe shi da ikon Administrator, ka zaɓi Hide Microsoft Entries don jerin ya ragu. Duba Logon, Scheduled Tasks da Services. Layi mai launin hoda yana nufin fayil ɗin ba shi da sa hannun kamfanin da aka tabbatar, ruwan ɗorawa yana nufin fayil ɗin ba ya nan. Ka sa ido kan duk layin da ke kiran wscript, mshta ko powershell da wani dogon rubutu a gaba. Kada ka goge nan take, cire alamar da ke gefensa kawai. Idan daga baya ka ga firinta ko sauti ya daina aiki, sai ka mayar. Abin da ka yi shakka a kansa ka gwada shi a shafin VirusTotal, wanda ke auna fayil da injinan bincike da dama. Amma takardar kwastoma kada ka tura can, domin abin da aka tura yana iya kaiwa hannun masu bincike.

Koma Windows na yau da kullum, haɗa da hotsifot ɗinka, ka buɗe Windows Security. Kafin bincike ka shiga Manage settings ka duba Exclusions. Manhajojin sata sukan rubuta foldarsu a nan don Defender, maganin bairos da ke zuwa da Windows, ya riƙa tsallake ta, wani lokaci ma rumbun C gaba ɗaya za ka tarar an keɓe. Share duk abin da ba ka gane ba, ka sabunta Defender, sannan a Scan options ka zaɓi binciken Offline. Kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike kafin Windows ya buɗe, kusan minti 15. Bayansa ka gudanar da Malwarebytes, sannan AdwCleaner don masu cusa talla. Ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba. Abin da suka kama ka karanta jerin kafin ka tura shi Quarantine, inda ake killace shi.

Idan ka tarar da tsohon maganin bairos na gwaji da wa'adinsa ya ƙare shekara biyu da suka wuce, cire shi. Yana nan ba ya aiki, kuma yana iya hana Defender aiki. Ga mai amfani na gida, Defender da ake sabuntawa ya wadatar.

Ƙarshe a wannan mataki, gyara abin da cutar ta lalata. A Command Prompt na Administrator ka gudanar da waɗannan, na farko ya gama kafin na biyu:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
sfc /scannow

Filash da fayilolinsa suka koma shotkat

Wannan shi ne ruwan dare a wurinmu, saboda filash ɗaya yana yawo daga shagon buga takardu zuwa makaranta zuwa gida. Mutum ya buɗe ya ga foldojinsa sun zama 'yan gumaka masu kibiya, ya ɗauka komai ya tafi. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Kada a danna shotkat ɗin, dannawar ce ke tayar da cutar. Ka tsabtace kwamfutar tukuna, in ba haka ba za ta sake shafa wa filash ɗin. Sannan, idan harafin filash ɗin E ne:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
del E:\*.lnk

Fayilolin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Goge duk vbs ko js ko autorun.inf da ka gani, kwashe fayilolin kirki, ka yi wa filash ɗin fomatin ka mayar da su. Ka ce a kawo maka duk filash da memori da ke gidan. Barin guda ɗaya kamar share ɗaki ne da hunturu a bar taga a buɗe.

Birauza

Tallan da ke fitowa a kusurwar allo yana cewa kwamfuta ta kamu da bairos biyar, sau da yawa ba bairos ba ne. Wani ne ya danna Allow a shafin kallon ƙwallo ko sauke fim. A Chrome ka rubuta chrome://settings/content/notifications ka cire duk shafin da ba a sani ba. Duba chrome://extensions ka cire abin da mai kwamfutar bai sa da kansa ba. Idan Chrome yana cewa wata ƙungiya ce ke sarrafa shi alhali kwamfutar gida ce, duba chrome://policy. Mayar da injin bincike da shafin farko, ko ka yi Reset settings. Duba saitin Proxy na Windows ko an kunna shi, ka kuma leƙa fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc ko an cika shi da adiresoshi, domin bairos kan yi amfani da su biyun ya karkatar da birauza zuwa wani wuri.

Abin da bincike ba ya mayarwa

Nan ne masu gyara da yawa suke tsayawa su karɓi kuɗi, alhali rabin aikin ya rage. Akwai nau'in bairos irin RedLine da Lumma da aikinsu kawai kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a birauza su tura wa mai su, cikin daƙiƙoƙi. Cire su ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Saboda haka duk kwamfutar da ka samu da bairos na gaske, ka zauna da mai ita a canza kalmomin sirri daga wayarsa: imel da farko, domin ta nan ake sake saita sauran, sai banki, Facebook da makamantansu. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A asusun Google a fitar da duk na'urar da ba a sani ba, a duba Gmail ko an sa shi tura wasiƙu wani adireshi. A WhatsApp a duba Linked devices.

Ka tuna masa cewa lambar sirrin MoMo, asusun kuɗi na waya, ba a faɗa wa kowa, ko wanda ya ce daga kamfanin yake kira. Idan an riga an cire kuɗi, a kira banki ko kamfanin waya nan take, a kuma kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana ta lamba 292.

Idan an kulle fayiloli ana neman fansa

Alamar bairos na fansa a fili take: hotuna da takardu sun ƙi buɗewa, kowanne an ƙara masa wasu haruffa a ƙarshen suna, ga wata takarda a kowace folda. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi addabar kwamfutocin gida shi ne dangin bairos mai suna STOP/Djvu, yana shigowa ta manhajar sata, yana barin fayil mai suna _readme.txt. Takardarsa da aka fi sani tana neman dala 980, ko 490 idan an tuntuɓe su cikin awa 72.

Zare intanet da duk wani rumbu na waje. Kada ka goge takardar fansar, kada ka canza sunayen fayilolin. Kwafe su yadda suke a kulle ka ajiye. Daga wata na'ura ka tura takardar da fayil ɗaya marar sirri zuwa shafin ID Ransomware ko na No More Ransom (wannan na biyun Europol da 'yan sandan Holan da kamfanonin tsaro ne suka buɗe shi a 2016), don a gane nau'in a ga ko akwai mabuɗi na kyauta. Kamfanin Emsisoft yana da manhajar buɗe STOP/Djvu, amma tana aiki ne idan bairos ɗin bai samu intanet ba lokacin da ya kulle, sai ya yi amfani da mabuɗin da ke jikinsa. Idan ya samu intanet, kowace kwamfuta da nata mabuɗin, kuma yana hannun ɓarayin.

Faɗa wa mai kwamfutar gaskiya a hankali. Kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, kuma ni ban ba da shawarar biya ba, domin ba abin da zai tilasta wa ɓarawo cika alkawari. Sai ku bi wasu hanyoyi: Google Drive, OneDrive, abin da aka taɓa turawa ta imel ko WhatsApp, tsohuwar waya, mai hoton da ya ɗauki bikin. Sau da yawa ana tattaro kaso mai kyau ta nan.

Yaushe ake fomatin

Fomatin ya zama maganin kowace cuta a hannun wasu saboda shi ya fi sauƙi. Yana da wurinsa: bayan bairos na fansa, ko idan cutar ta dawo bayan ka sake kunna kwamfutar sau biyu, ko Defender da Windows Update sun ƙi tashi, ko Windows ɗin kansa na sata ne da aka yi wa kwaskwarima, ko wani ya shiga daga nesa ya daɗe. A nan kada ka ɓata awa huɗu. Da kwafinka a hannu, tayar daga filash. Maɓallin da ake dannawa yayin kunnawa don zaɓen filash, a HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo F12. Goge ɓangarorin Windows ka ɗora sabo, ka sabunta shi gaba ɗaya, ka binciki kwafin da Defender kafin ka mayar.

Wane Windows? Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga waɗanda suka shiga tsarin Microsoft mai suna ESU. Windows 11 yana buƙatar wani ɓangaren tsaro a jikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, kuma a furosesan Intel yawanci daga ƙarni na takwas zuwa sama. Tsofaffin laftof da ake shigowa da su da yawa ba su kai ba. Ka gaya wa mai ita halin da ake ciki ya yanke shawara. Wanda birauza da rubutu kawai yake yi, Linux Mint, wanda ake ɗorawa a madadin Windows, zai ɗauke shi.

Za a ce maka, "Sa mini Office da Photoshop kamar yadda wancan ya sa." Wancan ɗin da manhajar satar lasisi irin KMSpico ya sa, kuma jabun irin waɗannan manhajoji na daga cikin manyan ƙofofin da cutar ke shigowa. Idan ka mayar, kai za a kira wata mai zuwa a ce aikinka bai yi ba. LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel, akwai Google Docs, akwai Office na cikin birauza. Wanda sana'arsa ta dogara da manhaja mai tsada ya sayi lasisi.

Idan ba bairos ba ne

Kwamfuta mai nauyi ba kullum cuta ba ce. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, furosesa ya yi zafi ya rage gudu. Kashe ta, cire caja da batir, buɗe, riƙe fankar da yatsa ka hura, ka canza man furosesa idan ya bushe. Tsohon rumbu mai juyawa da RAM na giga 4 ba za su ɗauki Windows na yanzu da daɗi ba. SSD, wato rumbu mai sauri marar juyawa, da RAM na giga 8 suna canza kwamfuta fiye da duk wata manhajar tsabtacewa. Lafiyar batir ka duba ta da powercfg /batteryreport. Mai kwamfutar tebur ka ba shi shawarar UPS, batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, duk wanda ya ga ɗauke-ɗauken wuta na dumsor ya san dalili. Aikin da ke buƙatar narka dalma a kan allon uwa ba na falo ba ne, ka rubuta takardar karɓa da lambar jikin kwamfutar ka kai shago.

Miƙa aiki

Sake kunna kwamfutar sau biyu, ka ƙara leƙa Autoruns ko abin da ka kashe ya dawo. Ka ba mai ita ya gwada da hannunsa: intanet, sauti, firinta, takardunsa. Idan yara suna amfani da ita, buɗe musu asusu na daban marar ikon Administrator, kalmar sirrin babban asusun ta zauna wurin mai gida. Ka kira wanda ya fi taɓa ta cikin yaran ka yi masa bayani ba tare da ka kunyata shi gaban iyayensa ba: wasan sata da fim daga shafin da ke cewa a kashe maganin bairos tukuna, su ne suka jawo wannan. Ka nuna wa Hajiya yadda za ta kwafi lissafinta zuwa rumbu na waje duk Juma'a, ta zare shi ta sa a durowa, domin rumbun da ke maƙale kullum, bairos na fansa tare yake kulle shi da kwamfutar.

Rubuta rasit: kwanan wata, abin da ka tarar, abin da ka yi, kayan da ka canza, da kwanakin da za ka dawo kyauta idan matsalar nan ɗin ta dawo. Ka rubuta cewa sabuwar cuta daga sabon filash ba ta ciki. Tsohon rumbu ko RAM da ka cire na mai kwamfuta ne, ka miƙa masa. Idan ta MoMo aka biya, ka duba kuɗin da ke asusunka da kanka, kada ka dogara da saƙon da aka nuna maka.

Kwafin da ke rumbunka ka goge shi a gabansa, sai idan shi ya roƙi ka riƙe na wasu kwanaki, wannan ma a rubuta a rasit da ranar gogewa. Idan ka koma gida, filash ɗin kayan aikin da ya shiga kwamfuta mai cuta ka yi masa fomatin ka sake zuba kayan daga kwamfutarka kafin ya shiga gidan wani. Bayan kwana uku ka kira ka ji ko tallan ya dawo, ko fanka tana ci gaba da kuka, ko an samu saƙon shiga asusu daga wurin da ba a sani ba.